Littafin Lissafi

Ni aka ba littafin, wai rubutuna ya fi kyau.
Na 'yan makaranta ne, mai jan bango.
A shafin farko na sa: Baba Maikano.
Na ja layi a tsakiya,
hagu abin da ya shigo, dama abin da ya fita.

Zailani ya turo jaka talatin daga Duwala
da saƙon murya na minti bakwai.
Saƙon yana nan, kuɗin sun tafi.
Lantana ta kai 'yan kunnenta kasuwa,
ta dawo ta sauke ɗaurin ɗankwali har wuya
don kada mijinta ya tambaya.
Cindo ya ce sai an biya kuɗin auduga.
Na rubuta sunansa, na bar gabansa fili.

Asibitin Garwa bai san "Allah ya hore" ba.
Kafin allura takarda, kafin takarda layi,
safar hannun likita ma mu muka saya.
Ruwan leda, jaka biyu da rabi.
Jini kuwa Tasi'u ya miƙa hannu,
sai ƙwai da madara da ya tashi yana tangaɗi,
su ma na rubuta.

Zafin watan huɗu, Binuwai ta janye ta bar yashi,
Baba ma haka yake janyewa daga rigarsa.
Ranar sha ɗaya likita ya ja ni gefe,
ya yi Faransanci, ya ga ban motsa ba,
ya maimaita da Fulatanci, a hankali:
ku kai shi gida.
Kuɗin mota jaka uku.

Da dare muka zauna gindin dalbejiya,
murya ƙasa-ƙasa kamar masu rabon sata.
Wani tela a Yelwa ya taya keken ɗinkin, jaka arba'in.
Lantana ta ce ba da ransa ba.
Cindo ya ce to da ran wa za a biya mai kantin magani?
Aka yi shiru. Sauro ya karɓi zancen.

Ashe katangar ƙasa ba ta riƙe sirri.
Da asuba ya kira ni da yatsa:
ɗaga murfin akwatin can, ƙarƙashin ƙyallaye.
Farin yadi ne, yankakke, an ninke shi kamar wasiƙa,
da kwalbar turare, da kuɗin masu haƙa a ƙulle.
Ya ce, shekarar da uwarku ta rasu na yanka,
ni na auna kaina da kaina.
Ya dubi hannuwansa, ya yi 'yar dariya:
yanzu zai yi mini yawa.
Wannan kada ya shiga littafinka.
Keken kuwa ku sayar,
amma ku gaya wa yaron yana son mai duk Juma'a,
kuma baya son gaggawa a kan lanƙwasa.

Na fito ban iya haɗiye yawu ba.
A bakin rijiya na tarar da Asabe, matar ƙanena,
tana matse zanen gado na uku tun tsakar dare.
Kwana ashirin da uku kaskon ƙosanta a kife.
Ita ke juya shi, ita ke ɗura masa kunu da cokali,
ita ta san nishin ƙishi da nishin ciwo.
Na duba hagu, na duba dama,
ban ga gurbin da zan sa ta ba.

Ta ɗago, ruwa na bin gwiwar hannunta,
ta ce, Yaya, sabulu ya ƙare.

Na lashi bakin alƙalami.
Sabulu, dala tamanin.